Akwatin Baffa

Wa ya fi cancantar hawaye, wanda aka kama da ƙwaya ko wanda ƙwaya ta kashe? Ni dai ban sani ba. Amma tsohon telan nan ya daɗe da yanke nasa hukuncin, domin ƙwaya ce ta haukata ɗansa na fari har ta kai shi kabari. Shi ya sa da aka ce an kama 'yarsa Auta da ita a ƙasar da ta je karatu, bai yi kuka ba.

"Su rataye ta!" ya ce. "Ban haife ta ba!"

Allah sarki Auta! Yarinyar da ta rasa uwa ta tashi a gindin keken ɗinkinsa, tana zura masa zare a allura tana tsokanarsa: "Baba, idon nan naka ya yi ritaya." Daga kurkuku take kira, ya ƙi ɗauka. Dangi suka ɗauke ƙafa, masu kawo ɗinki suka watse. Ƙanensa kaɗai ke zuwa, wanda ya ba ta kyautar akwatin tafiya, yana cewa, "Yaya, ka manta da ita, 'ya'yan zamani sai addu'a." In ya tafi, tsohon yakan zauna da allura yana laluben kafarta...

Rana dubu ta ɓarawo! Shekaru suka shuɗe, aka kama ƙanen nan yana cusa ƙwaya a bangon akwatin wata yarinya. Ya tona komai, har da wadda ya cusa a akwatin Auta ba da saninta ba, aka ɗaure shi, aka sako Auta.

Ta shigo shagon a rame, ta durƙusa.

"Baba, sannu da aiki."

"Auta... da wane bakin zan amsa miki?"

"Da wanda kake min faɗa da shi mana," ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Na yafe, Baba. Amma akwai wata mata a ɗakinmu na kurkuku, ita ta ɗauki ƙwayar da saninta. Ita ta yi jinyata da na kwanta, bargonta ta ba ni. Jibi za a kashe ta. Zan yi mata addu'a."

Tsohon ya tuna kabarin ɗansa, ya kau da kai. "Ba da ni ba."

Auta ba ta ja da shi ba. Ta ɗaga hannu ita kaɗai: "Allah Ka sassauta mata, Ka ji ƙan yayana..."

Can sai tsohon ya ajiye almakashi, ya buɗe tafukansa.

"Amin," ya ce.