Keken Ɗinki Tsakanin Ƙofa da Taga

Ƙarfe tara na safe tsohon malamin Turanci ya shigo caji ofis.

"Insifekta, an ɗauke mini littafina. Shekara goma sha biyu ina rubuta shi da hannu, kan ƙananan kalmomin Turanci masu rikita ɗalibai, irin between da among. Kwafi ɗaya ne tak."

Insifekta ya bi shi gida. Kwaɗo lafiya lau, ba a taɓa komai ba sai littafin. Keken ɗinkin marigayiya matar Malam na nan tsakanin ƙofa da taga, an lulluɓe shi da zane.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da mijin 'yata. Ɗalibina ne, ni na koyar da shi, ni na ba shi aure. Kada ma ka kawo shi a ranka."

Insifekta kuwa tuni ya kawo shi a ransa. A makarantar da surukin ke koyarwa, mutumin ya rantse har da dafa ƙirji cewa rabonsa da gidan Baba wata guda. Sai dai ga ambulan ɗin wani shagon buga takardu a kan teburinsa.

Mai shagon ba ta ɓoye komai ba. "Shekaranjiya ya kawo littafin, ya ce in sa sunansa a bango." Insifekta ya karanta shafi biyu, ransa ya ɓaci.

Ya haɗa Malam da surukin a ofis.

"Kai ka rubuta wannan?" ya tambayi surukin.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Misalin farko ya ce, keken ɗinkin matata yana tsakanin ƙofa da taga. Matarka na ɗinki?"

Surukin ya dubi Malam.

"Duk misalaina daga ɗakina nake ɗauko su," in ji Malam a hankali. "Ya sani. Shi nake karanta wa."

Surukin ya durƙusa. "Baba, an ce ba ƙarin girma sai mai littafi. Na ga kai ka riga ka yi ritaya..."

"Shafi na ƙarshe fa, ka duba?" in ji Malam.

"A'a."

Insifekta ya buɗe. Malam ya sadaukar da littafin ga surukin, yana kiransa ɗansa.

Wani kofur ya tasa surukin gaba zuwa bayan kanta. Malam bai ɗaga kai ba.

"Insifekta," ya ce, "me zan gaya wa 'yata?"