Yatsu Uku a Wuyan Hannunsa

"Ta ce in daina cin abin da aka soya."

Na ajiye ludayi na zuba masa ido. Shekara tara da aurenmu, mijina bai taɓa ture kwanona ba sai a watan nan. Direban babbar mota ne, mutumin da in ya dawo daga tafiya tun daga ƙofa yake cankar abin da na girka.

"Wa ta ce?"

"Kin sani mana, Zumata. Mai magani."

"Ta ce, ta ce... Ni sau nawa na ce maka tumbin nan ya yi yawa? Dariya ka yi min. Ashe jira kake wata ta faɗa."

Ya jawo fulas ɗinsa ya kurɓi abin nan mai ɗaci yana yamutsa fuska.

Wai ɗan ciwon ciki ne, shi ya sa abokin aikinsa ya kai shi wajen wata mata da ta yi karatun maganin gargajiya a ƙasar Sin. Tun daga ranar gidana ya koma nata. Ƙullin saiwoyi da busassun furanni a saman firij, ga sabuwar tukunyar ƙasa, don ta ce ba a dafawa a ta ƙarfe. Mutumin da sai na ja bargo yake tashi, yanzu gari na wayewa ya ɗaura takalmi, wai motsa jiki.

Ranar Talata na bi bayansa. A filin bayan makaranta na same su, su kusan goma, suna ɗaga hannu a hankali kamar masu shanya kaya a igiya. Ita ce a gaba. Na so a ce tsohuwa ce, wallahi na so. Siririya ce, ba za ta girme ni ba.

Da aka tashi ya je ya miƙa mata hannu. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ta lumshe ido. Sai kuma ya zaro mata harshe, shi da ko a hoto ba ya buɗe baki. Kishi ya turnuƙe ni, har na isa gida ban san ta inda na bi ba.

Washegari na ce, "Kawo maganin, ni zan riƙa dafa maka."

Ya yi murna har da sa min albarka. Ni kuwa na tura ƙullin maganin bayan buhun gawayi, na riƙa cika masa fulas da baƙin shayi mai kauri. Ganyen abincin da take so a dafa masa da ruwa kawai, na riƙa zuba masa mai ta ƙasa.

"Yau bai yi ɗaci sosai ba," in ji shi.

"Hannu ne ya bambanta."

Sati biyu ina haka, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. A ganina mijina nake ƙwatowa.

Sai ga shi wata safiya yana sosa ƙeya. "Tana son ganinki."

Na ce dama ita nake nema. Na ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto.

Shagon ƙarami ne, bangon duk ƙananan durowoyi, ga ɗan sikeli a kan tebur, ga warin saiwa. Ta gaishe ni da ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ta ce masa ya jira a waje.

"Yaya, na ce masa yau ko ya faɗa miki ko in daina duba shi. Ya ce bakinsa ba zai iya ba, in faɗa."

Na ce a raina, to ga ta nan.

Takardar asibiti ta turo min.

"Kitse ne ya taru masa a hanta. Likita ya gano, shi ke bin gwajinsa. Nawa taimako ne, ganye da motsa jiki da gyaran abinci. In ya rage ƙiba akwai kyakkyawan fata. In aka yi sake kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba, ban kuma buƙaci ta ƙarasa ba. Ciwon hanta ne ya ɗauki surukina. Wata bakwai ina jinyarsa a ɗakin baƙinmu, ina kallon idonsa na rikiɗewa rawaya.

"Me ya sa ya ɓoye min?"

"Ya ce kin sha wahalar mahaifinsa. Ba ya so ki riƙa leƙa idonsa kowace safiya." Ta buɗe littafinta. "Da farko nauyinsa yana raguwa sosai. Sati biyun nan sikeli ya koma baya. Shi ne na ce bari in ji yadda ake girkin, da yadda kike dafa maganin."

Jan bakin da na shafa ya yi min nauyi. Na buɗe baki in yi ƙarya, kuka ya riga ni. Na faɗa mata komai, da shayin, da man, da buhun gawayi.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta leƙa ta kira shi, ashe duk ya ji ta taga.

"Baƙin shayi, Zumata?"

"Ka yafe min. Na ɗauka ita za ta raba ni da kai. Ashe ni ce nake..."

"Ya isa. Ni ma na ɓoye miki, ai mun yi kunnen doki." Ya share min fuska da hularsa. "Dama na ce maganin nan ya cika daɗi."

Mai magani ta matso da kujera za ta kama hannunsa. Ban san lokacin da na riga ta ba.

"Nuna min yadda ake yi. Tukunyar ƙasa zan iya, filin ma tare za mu riƙa zuwa. Amma hannun nan akwai mai shi."

Ta danne dariya, ta jera min yatsuna uku a wuyan hannunsa. "Kada ki danna da ƙarfi. Me kika ji?"

Na lumshe ido kamar yadda na ga tana yi. Can na ji shi a ƙarƙashin yatsana, dif, dif, dif.

Na ce a tsorace, "Gudu yake. Ko ciwon ne?"

Ta taɓa ɗaya hannun, ta duba agogo, sannan ta girgiza kai.

"Wata guda ina riƙe hannun nan, Yaya. Ban taɓa jin ya yi sauri ba sai yau."