Gauraka Huɗu a Kwalin Banda

Insfekta Haris bai gama shan shayinsa ba wata mata ta faɗo ofis, takalmanta duk taɓo. Malama Bara'atu ce, shugabar ƙungiyar kare fadama ta wani ƙauye kusa da Guri.

"Yallaɓai, an kwashe mana gauraka. Duka huɗun."

"Zauna ki yi min bayani, Malama."

Ta ƙi zama. Ta ce wata uku ke nan ƙungiyar tana jinyar tsuntsayen, tun da aka ƙwato su daga hannun masu fatauci. Jibi baƙin da ke ba su tallafi za su zo a saki gaurakan a gabansu. In sun gamsu, tallafin zai ci gaba, a sare ciyawar kachalla da ta toshe hanyar ruwa, masunta su koma sana'arsu.

"In suka tarar da keji babu komai fa?"

"To gida sittin ne za su ci gaba da zaman banza."

Insfekta ya suri hularsa ya ƙwala wa Kofur Bala kira.

A bakin tafki suka sami kejin. Ba a yanke waya ba, kwaɗon ma lafiyarsa ƙalau. Muttaka, mai ba tsuntsayen abinci, yana tsaye da hannunsa naɗe da tsumma.

"Ina makullinka?" Insfekta ya tambaye shi.

"A ƙusar rumfa nake rataye shi, Yallaɓai. Kowa na iya ɗauka."

"Hannun fa?"

"Lauje ne ya yanke ni. Ni dai a tambayi Buba mai shanu. Tun da aka kewaye mashayar nan yake jin haushinmu."

Suka tarar da Buba a rugarsa yana kwance maruƙa.

"Rabona da tafkin nan sati guda," in ji shi.

Insfekta ya nuna ƙafafun shanun. "Wannan ɗanyen taɓon fa, daga sama ya faɗo?"

Buba ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya ya saci jiki ya shayar da su bayan sallar asuba. A nan ya hangi kwale-kwalen ƙungiya ya nufi mashigin titin Haɗeja da kwalaye a ciki. Bai ga fuskar matuƙin ba.

"Amma abu ɗaya ya ɗaure min kai," ya ce. "Tsuntsayen nan in baƙo ya matso kejin, har nan muke jin kukansu. Yau ko ƙis ban ji ba."

Insfekta ya dubi Kofur Bala, idonsa na ƙyalli. Nan take ya buga waya Haɗeja ya ce a tsare duk motar Kano da ke tasha. Ya ɗauki Bara'atu, ya ce Muttaka ma ya shigo, wai don ya taimaka a gane tsuntsayen.

Kofur Bala ya taka mota. Masu babura da buhunan shinkafa sai kauce musu suke yi.

A tasha fasinjoji sun cika da mita. Bayan wata farar bas an ɗaure kwalaye huɗu, kowanne da 'yan huje-huje a gefe.

"Mene ne a ciki?" Insfekta ya tambayi direban.

"Banda ce, Yallaɓai. Kifi."

"Kifin da ke buƙatar iska? Muttaka, yi musu kiran da kake yi lokacin abinci."

Muttaka ya buɗe baki, ya kasa.

Bara'atu ta matso ta yi wani ɗan fito sau biyu. Kwalayen suka ɗau motsi, sai kuka ya tashi kamar an danna ham ɗin tirela. Tasha ta kaure, mata na guɗa, 'yan kamasho na dariya.

Direban ya nuna Muttaka. "Wallahi shi ya ɗora min su a mashigi, ya ce kada in buɗe."

Insfekta ya warware tsumman hannun Muttaka. Babu yankan lauje, sai huji uku na sarar bakin tsuntsu.

Muttaka ya sulale ya zauna a ƙasa. "Wani mutum ne a Kano yake son su don ƙawata lambunsa. Babur ya yi min alkawari. Na ce tunda sakin su za a yi, wa zai rasa wani abu?"

"Mu," Bara'atu ta ce, ba ta ko dube shi ba. Tana can tana yanke igiyar kwalin farko. Wani dogon wuya ya leƙo, tukkunsa ya ɗan lanƙwashe, amma da ransa. Haka sauran ukun.

Kofur Bala ya buga wa Muttaka ankwa ya ja shi zuwa mota. A bakin ƙofa ya tirje, ya waiwayo.

"Malama, ƙaramar ba ta shan ruwa sai an riƙe mata kwanon."

Bara'atu ta ce, "Na ji."

Aka rufe ƙofar, motar ta fice daga tasha.