Ranar da Barira Ta Wanke Hoto

A garin Bakura akwai wata yarinya mai suna Barira. Tana aji huɗu a firamare. Ba ta da ƙiwuya, ba ta da rashin kunya. Aibinta ɗaya ne: ba ta son a ce ba ta san abu ba. Ko magana ba ta shiga kanta ba, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Na gane." In ka ga yadda take gyaɗa kan nan, sai ka rantse ita ta koya wa malamin.

Kakanta na wajen uba, Malam Dikko, manomin albasa ne a Bakolori. Amma ba da albasa aka san shi ba. Dikko Jirgi ake ce masa.

Jirgin ƙasa bai taɓa bi ta Bakura ba. Shi kuwa tun yana saurayi ya kai kaya Ƙaura Namoda, ya ga jirgi ya shigo tasha yana huci. Shi ke nan, son jirgi ya kama shi. Duk shekara in ya kwashe albasa, sai ya rataya kyamararsa ya tafi Ƙaura ko Gusau. Zai zauna a bakin layin dogo wuni guda yana jira. In jirgi ya zo, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta lambar da ke jikin kan jirgin. Tsaransa suna yi masa dariya, suna cewa wane irin mutum ne zai bar gona ya je gaida ƙarfe. Shi ko a jikinsa.

Hotunan suna cikin wani babban albam mai koren bango. A ƙarƙashin kowane hoto akwai lamba da kwanan wata. Barira ce kaɗai a cikin jikokinsa take zama ta kalla tare da shi. Kullum suna tsokanar juna.

"Kaka, wanga jirgi ya hi ka tsuhwa ko?"

"Ke tahi can! Ni da shi duk mun hi ki ƙarhi."

Wata ranar Alhamis da yamma, Barira ta same shi zaune a ƙofar ɗakinsa. Yana juya wani ɗan ƙaramin gwangwani a hannunsa, bai wuce babban yatsa ba.

"Kaka, mi ne ne wannan?"

"Fim ne. Hotuna ashirin da huɗu na ciki."

Barira ta zaro ido. Ita hoton waya kawai ta sani, wanda ake ɗauka a gani nan take.

Malam Dikko ya ce, "Tahiyata ta ƙarshe zuwa Ƙaura ce a ciki. Ranar tare da kakarki na tahi."

Goggo Taiba, matar Kaka, ta rasu tun kafin a haifi Barira. Mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta hoto, don haka babu hotonta ko ɗaya a gidan. Barira ta sha rufe ido tana ƙoƙarin ganin fuskarta, amma ba ta ganin komai.

"Ranar nan kaɗai ta yarda," in ji Malam Dikko. "Ta tsaya a bakin tarago, na ɗauke ta. Wata biyu bayan nan Allah ya yi mata rasuwa. Na kasa kai fim ɗin a wanke, zuciyata ba ta iya ba. Da na samu ƙarhin hali, mai hoton Mafara ya daina wankin fim. Yanzu baffanki Lukman ya gano wani tsoho a Kano da har yau shina yi. Ranar Asabar zai zo ya karɓa."

"Sai yaushe za a kawo?"

"Sati biyu ko uku. Sai an wanke shi hotunan za su hito." Ya dube ta. "Kin san yadda ake wankin hoto kuwa? In gaya miki?"

A nan ne ya kamata Barira ta ce a'a. Kalma ɗaya tak. Amma sai ta gyaɗa kan nan nata.

"Haba Kaka, na sani mana. Na gane."

"To madalla," in ji shi. Ya mayar da fim ɗin cikin akwatinsa, ƙarƙashin albam.

Barira ta tashi tana saƙe-saƙe. Sati uku! Don wanki kawai sai an je har Kano? Ita da take wanke kayan makarantarta su yi fes, har malama tana yaba mata? Ta ce a ranta, bari ta hutar da kowa. Kaka zai ga matarsa, ita ma ta ga kakarta, kowa ya ce Barira ta yi abin kirki.

Washegari Juma'a, an tashi makaranta da wuri. Malam Dikko ya saka babbar rigarsa ya tafi masallaci. Inna, mahaifiyar Barira, tana madafa. Barira ta lallaɓa ta shiga ɗakin Kaka, ta buɗe akwati, ta ɗauko fim ɗin. Ta san ba a ba ta izini ba. Amma ta ce ai alheri za ta yi.

Ta kai shi bayan ɗaki, inda rana take ƙwal. Gwangwanin ya ƙi buɗuwa. Ta sa bakin cokali ta ɓanɓare murfin. Wani dogon abu kamar leda mai kauri ya warware a hannunta. Ta ɗaga shi sama ta duba. Babu jirgi, babu Goggo. Ruwan toka ne kawai daga farko har ƙarshe.

"Lalle ya yi datti," in ji ta. "Shi ya sa."

Ta zuba ruwa a roba, ta kaɗa sabulu har ya yi kumfa. Ta tsoma fim ɗin. Ta cuɗa. Ta sa soso ta goge. Wani abu mai santsi ya fara saɓulewa yana bin yatsunta, ruwan ya canza launi. Barira ta ji daɗi, ta ce datti ne yake fita. Ta ɗauraye sau biyu, ta shanya a igiya kusa da ɗankwalinta.

Ta zauna tana jiran hotuna su fito. Fim ɗin ya bushe, ya nannaɗe. Ta sake ɗagawa. Yanzu har tana hango bishiyar darbejiya ta cikinsa. Amma babu ko inuwar mutum.

Inna ta fito zubar da ruwa, ta hango abin da ke hannunta. Kwanon ya kusa suɓuce mata.

"Innalillahi! Barira, mi kinka yi?"

"Wankewa na yi, Inna. Kaka ya ce sai an wanke. Amma sun ƙi hitowa."

Inna ta dafe kai. "Wayyo ɗiyar nan! Wankin hoto ba wankin riga ba ne. Suna ne kawai iri ɗaya. A ɗaki mai duhu ake yin shi, da wani ruwan magani na masu hoto. Ko haske kaɗan ya taɓa fim, ya lalace. Ke kuma rana kinka ba shi, kinka ƙara da sabulu."

Barira ta ce, "In an kai Kano ba za su gyara ba?"

"Babu mai gyara shi duk duniya."

Barira ta fashe da kuka. Ta roƙi Inna ta ɓoye fim ɗin, a ce ɓera ne. Inna ta girgiza kai.

"Ba za mu ɗora ƙarya bisa ɓarna ba. Ke kinka yi, ke za ki gaya mishi da bakinki."

Da Malam Dikko ya dawo, Barira ta durƙusa a gabansa. Ta miƙa masa fim ɗin da hannu biyu. Ta faɗi duk abin da ta yi.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Ya karɓa, ya ɗaga sama, ya bi shi da kallo daga wannan baki zuwa wancan, a hankali. Ya daɗe yana nema. Sannan ya sauke hannunsa.

"Yau na sake rasa ta," ya ce. Ya shiga ɗaki ya saki labule.

Ranar Asabar da hantsi Baffa Lukman ya iso da fara'arsa. Shi ne autan Goggo Taiba. Bayan an gaisa, an tambayi gida da hanya da gajiya, sai ya ce, "Baba, ina fim ɗin? Wallahi na ƙagara in ga huskar Innarmu. Har ta hwara ɓace mini."

Inna ce ta ja shi gefe ta gaya masa. Baffa Lukman ya dubi Barira sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya fita waje. Barira ta so ƙasa ta tsage ta shige. A lokacin ta gane ba kanta da Kaka kaɗai ta cuta ba.

Kwana biyar Malam Dikko bai buɗe albam ba. Bai tsokane ta ba. In ta gaishe shi yana amsawa, amma a taƙaice. Abinci ya daina yi wa Barira daɗi. Ko a aji ba ta jin abin da ake faɗa. Tana ta tuna lokacin da ya ce, "In gaya miki?" Da za a mayar da ita wurin, da ta ce, "I, Kaka, gaya mini."

A rana ta shida ta kai masa fura. Ta ajiye, amma ba ta tashi ba.

"Kaka, don Allah ka yahe mini."

Ya dube ta. "Barira, na tambaye ki. Kinka ce kin gane."

"Ban gane ba, Kaka. Kunya na ji in ce ban sani ba."

"Ni da kike gani, sau uku na lalata fim kahin in iya ɗaukar jirgi. Har gaban wani mai hoto na durƙusa a Gusau, yaro ne bai kai ni ba, na ce mishi ban iya ba, koya mini. Bai rage ni da komi ba." Ya numfasa. "Na yahe miki. Abin da ya tahi ya tahi. Tashi ki share hawayenki."

Barira ta share, amma wasu suka sake zubowa. "Kaka, ban san kamanninta ba. Gaya mini."

Malam Dikko ya gyara zama. Ya ce doguwa ce, baƙa, mai wushirya. Ya ce ranar ta ɗaura zane shuɗi. Da jirgi ya yi kuka, ta toshe kunne ta ce, "Dikko, wanga abu ne ke raba ka da gona?" Da ya zo nan sai ya yi dariya, ta farko a kwana shida. Barira ta ɗauko littafinta ta rubuta duka. Inda ba ta ji da kyau ba, ta ce ya maimaita.

Da aka yi hutu, Baffa Lukman ya ɗauke su a motarsa, ita da Kaka, suka tafi Ƙaura Namoda. Ranar babu jirgi a tasha. Ciyawa ta fito a tsakanin ƙarafunan layin dogo. Malam Dikko ya yi ta tafiya yana dube-dube, har ya tsaya a wani wuri.

"Nan ne," ya ce.

Baffa Lukman ya miƙa wa Barira wayarsa. "Ke za ki ɗauka. Kin iya?"

Kan Barira ya fara gyaɗuwa da kansa. Ta tsayar da shi.

"Ban iya ba, Baffa. Nuna mini."

Ya nuna mata yadda za ta riƙe da inda za ta danna. Ta sake tambaya, ya sake nunawa. Ta ɗaga wayar. Sai ta ga Kaka ya tsaya can gefe, ya bar fili a damansa.

"Kaka, matso tsakiya."

"A'a, bar ni nan," in ji shi. "Wurin nan nata ne."

Barira ta danna. Hoton ya fito tsaf.

A Mafara suka tsaya aka fitar musu da shi a takarda. Malam Dikko ya manna shi a shafin ƙarshe na albam. Ya ba Barira biro, ta rubuta kwanan wata a ƙasa. Babu lambar jirgi da za a rubuta, sai ta sa sunan Goggo Taiba. Kaka ya karanta, ya shafa kanta, ya ce rubutunta kamar tafiyar kaza. Ta ce ai nasa ya fi muni. Suka yi dariya tare.

Har yau Barira ba ta ga fuskar kakarta ba, kuma ba za ta gani ba. In ta tuna, abin yana yi mata ciwo. Amma tun daga ranar, a gida ko a aji, in ba ta fahimci abu ba sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ban gane ba."

Yara, faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. In ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku taɓa, musamman in kayan wani ne. Akwai ɓarnar da ban haƙuri ba ya gyarawa.