Baƙar Ayaba da Lotsattsen Kwano

"Wannan kike ɗirka wa ɗana?"

Auta ta ɗago kai daga bakin kurfoti. Hajiya ce tsaye a ƙofar kicin, mahaifiyar saurayinta Tela, riƙe da ɓawon ayaba baƙi wuluk da yatsu biyu, kamar ta kamo mataccen ɓera. A bayanta ga Madubi, 'yar ƙanwarta da take riƙo, wadda ta samo sunan saboda ba ta iya wuce gilashi ba ta gyara ɗankwali ba.

"Sannu da zuwa, Hajiya... Ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarki. Tambayarki na yi."

"Na gaya miki, Inna," in ji Madubi tana toshe hanci. "Ruɓaɓɓiyar ayabar da masu kayan marmari za su zubar take kwasowa. Da idona na gan ta a kasuwa."

Ba ƙarya ta yi ba, kuma abin da ya fi ciwo ke nan. Tun da Baba ya bar aiki, Auta ta mayar da Asabar ranar gashin kek, don kada yaran gidansu su riƙa leƙen na shago suna haɗiyar yawu. Wani mako ta goga karas a cikin ƙullun, wani mako ta jiƙa busasshen burodi da madara ta mayar da shi sabo, in fulawa ta yi ƙasa ta daka gyaɗa ta cike. Amma gwanintarta na ayaba ne. Ba ta da obin. Tsohuwar tukunya ce da yashi a ƙasanta, da garwashi a kan murfi. Ƙamshin nan ne ya tsallaka katanga ya iske Tela a kan keken ɗinkinsa, har ya ɗinke hannun riga a baibai. Yanzu saura kwana takwas manyansa su zo neman aurenta.

"Ba ruɓewa ta yi ba, Hajiya," in ji Auta. "Nuna ta yi. Idan ta yi baƙi zaƙinta ke fitowa, sai sukari kaɗan ya isa."

"Ji wayon tsumulmula! Buɗe tukunyar nan in ga abin da ke ciki."

Auta ta dubi agogon bango. Minti ashirin da ɗorawa. Saura ashirin. In aka ɗaga murfi yanzu iska ta shiga, kek ɗin zai zube ya zama danƙo, Hajiya kuma ta ga daidai ƙazantar da aka ce mata za ta gani.

Ana cewa yarinyar kirki ba ta musu da uwar wanda za ta aura. Masu faɗin haka ba su taɓa gashi a kan yashi ba.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ba zan buɗe ba."

Hajiya ta zaro ido.

"Me kika ce?"

"Minti ashirin kawai nake roƙo..."

"Tun ba ki shigo gidana ba!" Hajiya ta tafa hannu. "Lallai na ga abin da ya fi ƙarfina!"

"Bari ni in buɗe miki, Inna." Madubi ta yi wuf ta naɗe hannu da tsumma ta nufi tukunyar.

Auta ba ta san lokacin da ta danne murfin da tafin hannunta ba. Garwashi ya lashe gefen yatsunta. Ta cije leɓe, hawaye ya cika idonta, amma ba ta ɗaga ba sai da Madubi ta ja baya.

"Auta!"

Tela ne ya faɗo, tef ɗin awo na lilo a wuyansa, don hayaniyar ta iske shi har shago. Ya janyo bokitin ruwa ya tura gabanta.

"Sa hannunki a ciki, hasken idona. Me ya kai ki?"

"Hasken idonka ta ce ba ta buɗe mini tukunya," in ji Hajiya. "To ka saurara. Babu wanda zai taka ƙafa ya zo gidan nan da sunana. Wuce mu tafi."

Bai motsa ba.

"Inna..."

"Na ce wuce!"

Auta ta sunkuyar da kai, hannunta cikin ruwa. Ta san shi. Bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, kuma ba ta so ya fara saboda ita.

"Ka bi ta," ta ce a hankali.

Sai ya ciro tef ɗin daga wuya, ya janyo kujera ya share ta da hannun rigarsa, ya durƙusa.

"Inna, ke kika koya mini ba a yanka yadi sai an auna. Ki zauna minti goma sha biyar. In kin gani kin ce a'a, ni zan riƙe miki jaka mu tafi."

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Ta zauna, amma a bakin kujera, jakarta a cinya.

Agogo na tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Madubi na ta danna waya. Can sai ƙamshi ya fara silalowa ta gefen murfi, ya cika kicin. Hajiya ta ɗan ɗaga hanci, ta haɗe gira.

Da lokaci ya cika, Auta ta kwashe garwashin, ta ɗaga murfi, ta soka tsinke ya fito fes. Ta kife kwanon a faranti. Kek ya sauko ja-ja-wur, da wani ɗan rami a gefe guda, inda kwanon ya lotsa tun ranar da ya faɗo daga saman kabad.

Hajiya ta miƙe tsaye.

Ta sa yatsa a ramin. Ta gutsuri gefe, da zafinsa, ta kai baki. Sannan ta juya a hankali.

"Madubi."

"Na'am, Inna?"

"Kek ɗin da kike kawo mini da shayi duk yammacin Asabar, wanda kika ce a obin ɗinki kike gasawa... shi ma da wannan ramin yake zuwa."

Wayar ta kusa suɓuce wa Madubi.

"Ai... ai kwanuka suna kama, Inna."

"Wata huɗu ina ba ki shi a ƙofar gida," in ji Tela, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ina cewa ki kai wa Inna, ki ce daga Auta. Ni ina ta mamakin yadda ba ta taɓa sa mata albarka ba."

"Ƙwai nawa kike sawa?" Hajiya ta tambayi Madubi.

"Shida... ko takwas."

"Ke fa?"

"Ɗaya, Hajiya," in ji Auta. "Ayabar ke riƙe sauran."

Madubi ta ja gyale ta fice. Ko gilashin taga ba ta kalla ba.

Hajiya ta dubi ɓawon nan yashe a ƙasa kusa da takalminta. Ba ta saba ba da haƙuri ba, kuma ba yau za ta koya ba. Sai ta kamo hannun Auta, ta juya shi, ta dubi ƙunar.

"Taurin kai kamar nawa," ta ce. "Da kin buɗe da na tafi."

"Na sani, Hajiya."

"Daina ce mini Hajiya kamar wata baƙuwa." Ta zaro man shafawa daga jaka ta dangwala mata a yatsun. "Kai kuma ka tsaya kana washe baki, ba ka da ɗinki ne? Ka gaya wa kawunnanka ranar tana nan."

Ta naɗe rabin kek ɗin a takarda ta cusa a jaka. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Akwai ayaba a gidana da na ce a zubar. 'Yata, kada ki sayi ta Asabar mai zuwa."