Shayin da Auta Ta Dafa wa Mama

Mama tana fama da ciwon daji. Duk ranar da ta dawo daga asibiti, sai amai. Gashin kanta duk ya zube. Auta, ƙaramar 'yarta, ta tsani asibitin nan.

Ran nan a aji, malamar kimiyya ta ce, "Akwai wani sinadari a ganyen shayi. Masu bincike sun zuba shi a kan ƙwayoyin ciwon daji, sai wasu suka daina yaɗuwa. Amma..."

Auta ba ta ji sauran ba. Ita dama akwai gaggawa. Jikinta yana aji, hankalinta ya riga ya kai gida.

"Mama, an samu magani! Ashe shayi ne! Malamarmu ce ta faɗa."

Mama ta gaji da allura. Ta ce, "Kin tabbata, Auta?"

"Wallahi da kunnena na ji."

Lokacin Baba ya yi tafiyar aiki. Ranar komawa asibiti ta zo, Mama ba ta je ba. Ta gaba ma haka. Kullum butar Auta tana kan wuta, Mama kuwa sai ƙara ramewa take yi.

Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun Mama. Ta kasa ko ɗaga kai. Tsoro ya kama Auta, ta kira Baba a waya tana kuka.

Baba ya dawo ya kai Mama asibiti. Likita ya ɗaure fuska. "Me ya sa aka daina zuwa? Ciwon ya ƙaru."



"Ni ce," in ji Auta. "Na ce shayi zai warkar da ita. A bakin malamarmu na ji."

Likita ya durƙusa a gabanta. "Malamarku ba ta yi ƙarya ba. Amma a ɗan faranti aka yi wannan gwajin, a ɗakin bincike. Mamanki ba faranti ba ce. Ba a tabbatar shayi yana warkar da mutum ba."

Ga "amma" ɗin da Auta ta tsallake.

Aka ci gaba da magani. An sha wuya, amma a hankali Mama ta fara tashi zaune. Wata rana ta ce, "Auta, dafa mini shayi. Don daɗi fa, ba don magani ba."

Auta ta yi dariya har da hawaye. Ta gane cewa rabin magana haɗari ne, kuma maganar magani sai an tambayi likita. Tun daga ranar, in malama ta ce "amma", Auta ce ta fi kowa kasa kunne.