Ki Bar Shi Ya Gwada

"Wayyo Allah, Zuhura! Ke wace irin uwa ce?"

Inna Hajo ce ta faɗo ɗakin, ta fizge cokalin daga hannun jikanta. Nazir, ɗan shekara biyar, ya ɓata gaban rigarsa da koko, hannunsa na dama sai rawa yake. Tun haihuwa hannun ba shi da ƙarfi.

"Inna, don Allah ki bar shi ya gwada. Malamar ta ce..."

"Malamar ce ta haifa miki shi? Yaro da lalura, kin zuba masa ido yana wahala! Taho angona, ni zan ba ka."

Zuhura ta sunkuyar da kai. Auren so suka yi da Saminu, ɗan Inna Hajo, direban kamiyo mai ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Yamai. In ya tafi sai ya yi makonni. Iyayenta sun daɗe da komawa garin Tawa, ba ta da kowa a nan unguwar Adjamé sai wannan yaro.

Kowace Talata takan goya shi su shiga bas zuwa unguwar Treichville, wurin Madam Ummul-Khairi, mai koya wa yara irinsa amfani da hannuwansu. Can Nazir ke murza laka, yana zura igiya cikin manyan duwatsun wuya, yana koyon ci da cokali mai kaurin mariƙi.

"Kada ki yi masa abin da zai iya, ko da zai yi kuka," in ji Madam. "Kurajh, 'yar'uwa, ki daure!"

Sai dai a gidan haya magana ba ta ɓuya, nan da nan aka baza cewa Zuhura ba ta tausayin ɗanta. In Zuhura ta fito famfo, matan tsakar gida su yi tsit. Ta koma cin abinci ita kaɗai, hawaye na ɗiga cikin kwano.

Ranar da Saminu ya dawo, Inna ta riga ta cika masa kunne. Yana ɗaga labule ya tarar da kan Nazir ya maƙale cikin riga, yana kiran "Mama! Mama!", ita kuwa tana durƙushe a gabansa ba ta taɓa shi ba.

"Ashe gaskiya ne!" Ya janye ɗansa. "Ban san zuciyarki dutse ba ce, Zuhura."

"Baban Nazir, ka saurare ni..."

Ya fice. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, abincinsa ma ɗakin Inna ake kai masa. Da abin ya ishe ta, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ka raka mu sau ɗaya. In ka gani ka ce a daina, wallahi na daina."

Ya bi su, da niyyar ya kashe maganar.

A bencin jira suka zauna kusa da wata tsohuwa mai ba wani saurayi abinci a baki. Har gemu ya fito masa. Ta dubi Nazir, ta dubi Saminu.

"Naka ne? Kun yi dabara da kuka zo da wuri. Ni don so na yi wa nawa komai, ko cokali ban bari ya ɗauka ba. Yanzu ƙarfina ya ƙare, ɗana. Ran da na kwanta dama, wa zai ba shi?"

Da aka kira su, Saminu ya tsaya yana kallon ɗansa na kokawa da murfin kwalba, gumi na zuba, har murfin ya buɗe.

"Papa, ka gani?"

"Malam Saminu," in ji Madam, "ni sau ɗaya nake ganinsa a mako. Wannan aikin matarka ne."

A bas, suna bisa gada, ya riƙo gefen mayafinta.

"Na bar ki ke kaɗai, Zuhura. Ki yafe mini."

Ta juya fuska wajen ruwa, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Da suka isa gida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya ba ta labarin tsohuwar. Inna ba ta sauko nan take ba, ta yi watanni tana tsaki. Amma Saminu ya tsaya bayan matarsa, in yana hanya ma sai ya kira ya ji abin da Nazir ya koya.

Wata Juma'a, Inna na zaune a tsakar gida ta ga jikanta ya karkata buta da hannun nan mai rawa, ya yi alwala tsaf shi kaɗai, ya bi ubansa masallaci. Ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta kira surukarta.

"Zo ki zauna kusa da ni, 'yata. Kin fi ni sonsa, ni ce ban gane ba."

Haka haƙurin Zuhura ya dawo mata da mijinta, ya ba ɗanta hannunsa. Tausayin da ke hana yaro koyo cuta ce a gare shi, kuma mijin kirki yakan ji ta bakin matarsa kafin ya yanke mata hukunci.